BABI NA UKU: TARIHIN DABARUN DAIDAITA SAUTI DA MATSE SHI A WAƘOƘIN HAUSA NA KUDANCIN KATSINA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda aka riƙa sarrafa sautin waƙar Hausa, tun daga lokacin da makaɗi da kansa ne yake daidaita kiɗansa a dandali, har ya zuwa yau da ake gudanar da aikin a cikin kwamfuta. Za a mayar da hankali a kan dabaru guda biyu waɗanda masu haɗa sauti suke yawan muhawara a kansu, wato madaidaici mai motsi da kuma mamatsi mai zanguna. Za a duba asalin kowannensu da matsalar da aka ƙirƙiro shi domin ya warware, daga nan sai a auna su da irin kiɗan da aka gada a kudancin Jihar Katsina.

Farfajiyar wannan nazari ita ce ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Dukkansu suna cikin shiyyar Funtuwa mai ƙananan hukumomi 11, a Jihar Katsina wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumba, 1987. Wannan shiyya ita ce ta fitar da Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya zauna a Bakori da Funtuwa, ya rasu a 1999. Ita ce kuma ta fitar da Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Dauda Kahutu Rarara na ƙasar Ɗanja. Bugu da ƙari, biyu daga cikin marubuta huɗu na littafin tarihin Shata mai suna Shata Ikon Allah na 2006 'yan wannan farfajiya ne, wato Ibrahim Sheme ɗan ƙasar Faskari da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, wanda kuma ya fitar da kundin waƙoƙin Shata a 2013.

Dalilin ba wannan batu muhimmanci shi ne, waƙar Hausa kalma ce ƙashin bayanta. Mai sauraro yana biɗar kirari da zambo da habaici da sunayen mutane da garuruwa, shi ma manazarci haka. Duk wata dabara da za ta ƙara wa kiɗa armashi amma ta danne kalma, to ta cuci mawaƙin, ta kuma cuci wanda zai zo ya rubuta waƙar bayan shekaru.

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Sauti kaɗawar iska ne da ke isa kunne. Ana auna yawan kaɗawar a cikin daƙiƙa ɗaya da ma'aunin haz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 zuwa haz 20,000. Idan kaɗawar ba ta da yawa sai a ji sauti mai kauri, irin na babbar ganga, idan kuwa ta yi yawa sai a ji siririn sauti, irin na sarewa. Zango shi ne wani yanki da aka ware daga cikin wannan tsani, alal misali daga haz 100 zuwa haz 300. Shi kuwa ƙarfin sauti da desibel ake auna shi.

Madaidaici, wanda masu sana'ar suke kira ikwalaiza, na'ura ce da ke ƙara ko rage ƙarfin wani zango. Na gargajiya idan aka saita shi, to a haka zai tsaya tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Mamatsi, wanda ake kira kwamfuresa, aikinsa rage tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da marar ƙarfi. Ana sa masa iyaka, sai ya danne duk abin da ya haura ta bisa wani ƙiyasi. Idan ƙiyasin 4 ne bisa 1, sautin da ya haura iyaka da desibel 8 zai fito ya haura ta da desibel 2 kacal. Ana kuma saita saurin kamunsa da saurin sakinsa. Dabaru biyun da ake magana a kansu a wannan babi kowace aure ce tsakanin madaidaici da mamatsi, sai dai hanyar da aka ɗaura auren ta bambanta.

3.2 Daidaita Sauti Kafin Zuwan Na'ura

Tun kafin a san makirufo a ƙasar Hausa makaɗa suna da hanyoyinsu na hana kiɗa ya rufe murya. Hanya ta farko ita ce tsarin jagora da 'yan amshi. Jagora yana kawo ɗiyan waƙa, 'yan amshi su karɓa, saboda haka ba safai muryoyin suke hawa kan juna ba. Hanya ta biyu ita ce rabon aiki tsakanin kayan kiɗa. A rukunin kalangu akwai babban kalangu mai kauri, akwai kuma ƙanana irin su ɗan karɓi da kuntuku masu siririn sauti, kowanne da gurbinsa. Ames da King sun yi bayanin waɗannan rukunoni a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971. Hanya ta uku ita ce hannun makaɗi. Gwanin makaɗi yakan sassauta bugu idan jagora ya shiga magana mai nauyi, sannan ya saki hannu idan an koma amshi.

Idan aka yi la'akari da wannan hanya ta uku za a ga cewa ta ƙunshi abubuwa uku: makaɗi yana sauraren muryar wani, yana rage nasa sautin a daidai lokacin da ake bukata, yana kuma mayar da shi da zarar bukatar ta wuce. Kamar yadda za a gani a gaba, waɗannan abubuwa uku su ne ainihin aikin madaidaici mai motsi.

3.3 Zamanin Garmaho da Rediyo

Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a Amurka a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho mai faifai a 1887. Har zuwa 1925 da aka soma ɗaukar sauti da lantarki, hanyar daidaita sauti ita ce a matso da mai rauni kusa da bakin na'ura, a tura mai ƙarfi baya. Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa.

Shi madaidaici asalinsa daga aikin tarho ne. Injiniyoyi sun lura cewa doguwar waya tana cinye siririn sauti fiye da mai kauri, sai suka ƙera na'urar da za ta mayar da abin da ya ɓace. Daga can ya shiga aikin fim da na faifai. A shekarun 1950 aka fito da madaidaicin Pultec, a 1972 kuma George Massenburg ya gabatar da maƙala a kan madaidaicin da ke ba mutum damar zaɓen tsakiyar zango da faɗinsa da ƙarfinsa, kowanne daban. Shi kuwa mamatsi gidajen rediyo ne suka fara bukatarsa a shekarun 1930, domin sautin da ya yi ƙarfi fiye da kima yana ɓata watsawa, wanda ya yi rauni kuma yana nutsewa cikin shuuu ɗin iska.

A Nijeriya an kafa Hukumar Watsa Labarai ta Ƙasa a 1957. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila, gidan da ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Ta wannan kafa ce mafi yawan mutanen karkarar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka riƙa jin makaɗan da ba su taɓa gani ido da ido ba. Kamfanin EMI kuma ya buga faya-fayen Shata da na Ɗanmaraya Jos.

Abin lura a nan shi ne, watsawar gajeren zango da matsakaicin zango ba ta ɗaukar sautin da ya wuce kimanin haz 5,000, ƙaramar rediyo mai batir kuma ba ta iya fitar da kauri sosai. Abin da ya rage shi ne tsakiyar tsani, inda muryar ɗan'adam take. Wato ke nan gazawar na'urar ta zo daidai da bukatar waƙar Hausa, domin murya ce take fitowa gaba, kiɗa ya biyo bayanta. A kan wannan sauti ne kunnen jama'a ya ginu.

3.4 Zamanin Kaset

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset a 1963, ya kuma bazu a ƙasar Hausa a shekarun 1970 da 1980. Kaset ya sauya al'amura ta fuskoki biyu. Ta fuskar farko, ya ba kowa damar ɗaukar waƙa. Mai rikoda yakan ajiye ta a gaban makaɗa a gidan biki ko a dandali, ya ɗauki abin da ya samu, har da guɗa da kirarin maroƙa da hayaniyar 'yan kallo. Ta fuska ta biyu, ya ba kowa damar kwafa. Ana kwafar kaset daga kaset har sau da yawa, kowane kwafi kuma yana rage siririn sauti, yana ƙara shuuu. Brian Larkin ya yi bayanin irin wannan lalacewar sauti da hoto a kasuwar kwafi ta Kano a littafinsa na 2008.

Har ila yau, da yawan ƙananan rikodoji suna da wani mamatsi na ciki mai sarrafa kansa. Idan aka buga kalangu da ƙarfi sai ya danne komai har da murya, idan aka yi shiru sai ya ɗago hayaniyar wuri. Wannan ne yake sa a ji tsohon kaset kamar yana numfashi, sauti ya yi ƙasa ya dawo. Matsalar tana da muhimmanci ga tarihi, domin kaso mai yawa na waƙoƙin makaɗan wannan yanki a irin waɗannan kaset-kaset ne suka tsira. Aikin rubuta waƙoƙin baka, tun daga kundin digiri na uku da Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta a kan Shata a 1975 har zuwa ayyukan da aka ambata a 3.0, ya dogara ne a kan a ji kalma a ɗauke ta daidai.

3.5 Asalin Mamatsi Mai Zanguna

Wannan numfashi da aka ambata shi ne aibin mamatsi mai kama sauti gaba ɗaya. Sauti mai kauri ya fi kowane ɗauke da ƙarfi, saboda haka shi ne yake fara haura iyaka, sai a hukunta sauran sautuka da laifinsa. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne a raba sautin gida-gida. Ana sa matatu su yanka tsanin zuwa zanguna uku ko huɗu ko fiye, a ba kowane zango nasa mamatsin, sannan a sake haɗe su. Ta haka bugun ganga zai danne zangon kauri kawai, murya ta tsira.

Ray Dolby ya yi amfani da wannan tunani a 1965 a na'urarsa ta rage shuuu ɗin tef, wadda take raba sauti zuwa zanguna huɗu. A farkon shekarun 1970 Mike Dorrough ya ƙera wa gidajen rediyon Amurka mamatsi mai zanguna uku. Robert Orban ya fito da na'urar Optimod a 1975, samfuran da suka biyo baya kuma suka riƙa raba sauti zango-zango. Abin da ya ingiza wannan ci gaba shi ne gasar tashoshi, kowace tana son a ji ta fi maƙwabciyarta ƙara idan mai sauraro yana murɗa akwatinsa. Daga rediyo dabarar ta shiga ɗakunan kammala faifai, musamman bayan da kamfanin TC Electronic na Denmak ya fito da na'urar Finalizer a 1996. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000 ta koma manhajar kwamfuta.

Wannan tarihi ya bayyana halin mamatsi mai zanguna. An gina shi ne domin ya riƙe sauti gaba ɗaya a cike, a matse, da ƙara. Zangunansa masu faɗi ne. Sannan a tsarinsa na asali, matatun da suke yanka sautin suna aiki ko da babu abin da ake dannewa, suna kuma ɗan gurɓata jituwar kaɗawa a kan iyakokin zanguna. An samar da matatun da ba su da wannan aibi, sai dai su kuma suna jawo jinkiri, suna iya dusashe kaifin bugu.

3.6 Asalin Madaidaici Mai Motsi

Shi madaidaici mai motsi daga wata bukata dabam ya taso. Akwai aibin da ba ya zama a cikin sauti koyaushe, zuwa yake yi ya wuce. Fitaccen misali shi ne tsiwar harafin "s" a bakin makirufo, wadda take faɗawa a wajajen haz 5,000 zuwa haz 8,000. Idan aka rage wannan zango da madaidaici na gargajiya, muryar gaba ɗayanta za ta dushe. Saboda haka aka ƙera na'urar da ke rage zangon a daidai lokacin da harafin ya fito kawai. Daga nan aka faɗaɗa dabarar ta shafi kowane zango. Kamfanin BSS na Ingila ya fito da irin wannan na'ura mai lamba DPR-901 tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, ta kuma samu karɓuwa wajen masu haɗa sautin taro.

Yadda yake aiki shi ne, ba a yanka sautin gida-gida. Ana zaɓen wuri ɗaya a tsani, a ƙayyade faɗinsa, wanda zai iya zama siriri ƙwarai, a sa masa iyaka. Muddin sautin wurin bai haura iyaka ba, na'urar ba ta taɓa komai. Ana kuma iya umartar ta da ta saurari wani sauti dabam, alal misali ta rage wani zango na kiɗa a duk lokacin da mawaƙi ya buɗe baki. Dabarar ta daɗe a hannun ƙwararru kaɗan saboda tsadar na'ura. Ta isa hannun kowa ne da fitowar manhajoji irin su TDR Nova a 2015, wadda ake samu kyauta, da Waves F6 a 2017, da FabFilter Pro-Q 3 a 2018. A taƙaice, mamatsi mai zanguna ya riga shi isa ƙananan situdiyo da shekaru goma sha wani abu.

3.7 Zamanin Fiyano da Kwamfuta a Ƙasar Hausa

Masana'antar finafinan Hausa ta bidiyo ta soma a Kano da fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Abdalla Uba Adamu ya nuna yadda a tsakiyar shekarun 1990 situdiyon Iyan-Tama ya soma amfani da fiyanon Yamaha wajen kiɗan finafinai, da yadda nasarar fim ɗin Sangaya a ƙarshen shekarun ta sa wannan salo ya mamaye kasuwa. Daga nan kwamfuta ta karɓi aikin, da manhajoji irin su Cubase ta Jamus da FL Studio ta Beljiyam, tare da Auto-Tune mai gyara karin murya, wadda ta fito a 1997.

Wannan sauyi ya kawo abubuwa biyu da suka shafi batun da ake kai. Na farko, kiɗan fiyano ya zo da kauri mai zurfi da siririn sauti mai kaifi waɗanda rukunin kalangu ba shi da su, saboda haka murya ta samu abokan gasa a sama da ƙasa. Na biyu, mutum ɗaya a gaban kwamfuta ya maye gurbin makaɗa da yawa, hannun makaɗin nan mai sassautawa ya fita daga lissafi. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Aikin da makaɗi yake yi da kunnensa ya koma wuyan mai haɗa sauti.

Ta ɓangaren masu sauraro ma an samu sauyi. Bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, waƙa ta bar kaset da faifan sidi ta koma memori, ana tura ta daga waya zuwa waya ko a shagunan masu turi. Ƙarfin wannan hanya ya fito fili a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, bayan an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. A tsawon watannin da aka yi babu intanet, memori da turi na kusa da kusa da rediyo su ne hanyoyin da suka rage wa waƙa. Na'urorin da ake sauraro da su kuwa su ne lasifikar ƙaramar waya, da rediyo mai cin memori, da lasifika mai bakin kakaki ta kasuwa da taron siyasa. Dukkansu ba su fitar da kauri mai zurfi, tsakiyar tsani suke turowa gaba.

3.8 Auna Dabarun Biyu da Kiɗan Yankin

Misali na farko shi ne kalangu da muryar namiji. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuma an gina shi ne domin ya kwaikwayi hawa da saukar magana ta hanyar matse igiyoyinsa a hammata. Tushen muryar namiji yana tsakanin kimanin haz 85 da haz 180, tare da rassa da suke hawa sama, kalangu kuma yana yawo a maƙwabtan wannan wuri. Idan aka sa mamatsi mai zanguna a kan haɗaɗɗiyar waƙa, kalangu da murya za su faɗa zango ɗaya, bugun kalangu ya danne su tare. Ga kuma wata matsala: tun da sautin kalangu hawa yake yi yana sauka, zai iya ƙetare iyakar zanguna biyu a tsakiyar jimla ɗaya, a danne rabinta a bar rabi. A nan madaidaici mai motsi ya fi dacewa. Sai a ɗora shi a kan kalangun shi kaɗai, a sa ya saurari murya, ya rage desibel biyu ko uku idan jagora yana magana, ya saki idan ya yi shiru.

Misali na biyu shi ne baƙaƙen Hausa. Baya ga "s" da "sh", Hausa tana da "ts" da "ƙ" masu fita da tunkuɗar iska, waɗanda suke yi wa makirufo tsawa ta ɗan lokaci. Su ne kuma suke bambance ma'ana, kamar tsakanin kafa da ƙafa, ko sara da tsara. Idan aka danne zangon sama gaba ɗaya domin a kashe tsiwarsu, bambancin zai raunana. Siririn zango mai kamawa da sauri ya saki da sauri shi ne zai rage tsiwar ya bar harafin.

Misali na uku shi ne kiɗan amada irin na Barmani Choge. A nan akwai ƙwaryar da aka kifa a ruwa mai sauti mai kauri, akwai ƙwaryar da ake bugawa mai ƙas-ƙas, akwai muryoyin mata da guɗa. Sautukan a warwatse suke a kan tsani, kowanne da unguwarsa. Wannan shi ne yanayin da mamatsi mai zanguna ya fi amfani, domin zai riƙe kaurin ƙwaryar ruwa a zangonsa ba tare da ya taɓa murya ba.

Misali na huɗu shi ne waƙar fiyano ta siyasa ko ta biki, wadda za a sa a lasifikar mota ko a ji ta cikin hayaniyar kasuwa. Irin wannan waƙa tana bukatar sauti cikakke wanda ba ya faɗuwa, abin da aka ƙera mamatsi mai zanguna dominsa ke nan. Sai dai matsewar da ta wuce kima tana gajiyar da kunne, tana kashe bambancin da ke tsakanin ɗan waƙa da amshi. Ribar ƙara ma ta ragu a intanet, domin tun bayan fitowar ma'aunin ƙarfin sauti na ƙasa da ƙasa a 2006, manyan dandamali irin su YouTube da Spotify suna rage ƙarar duk waƙar da ta haura mizaninsu.

Misali na biyar, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne tsohon kaset da ake son mayarwa cikin kwamfuta. A nan murya da kiɗa da hayaniya sun riga sun cakuɗe, rikoda kuma ta riga ta matse su sau ɗaya. Ƙara musu mamatsi mai zanguna zai ɗago shuuu ɗin da ke zangon sama a duk inda aka yi shiru. Madaidaici mai motsi zai iya kama ruri ko ƙugin da ke tasowa jefi-jefi ya bar sauran. Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce a fara ajiye kwafi na asali wanda ba a taɓa ba, duk wani gyara a yi shi a kan kwafi na biyu.

Ya kamata a lura cewa manhajojin baya-bayan nan sun kusantar da dabarun biyu, har akan samu guda ɗaya mai yin aikin duka. Amma tambayar da mai haɗa sauti zai yi wa kansa ba ta sauya ba: shin aibin siriri ne mai zuwa ya wuce, ko kuwa zango ne mai faɗi da yake bukatar riƙo koyaushe?

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda daidaita sautin waƙar Hausa ya taso daga hannun makaɗi, ya bi ta garmaho da rediyon Kaduna da kaset, ya iso kwamfuta. An ga cewa mamatsi mai zanguna ya girma ne a gasar ƙara ta gidajen rediyo, shi kuwa madaidaici mai motsi an samar da shi domin magance aibi guda a lokacin da ya taso. Da aka auna su da kiɗan kudancin Katsina, an tarar cewa na farko ya dace da amada da waƙar fiyano ta taro, na biyu kuma ya fi dacewa da kalangu da baƙaƙen Hausa da gyaran tsofaffin kaset. Tun da kalma ce abin da mai sauraro a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yake nema, kuma ƙaramar lasifika ce a hannunsa, tsarin da ya fi amfani shi ne a fara buɗe wa murya hanya da madaidaici mai motsi, sannan a kawo mamatsi mai zanguna a ƙarshe, a yi amfani da shi kaɗan. Babi na gaba zai duba yadda waɗannan sauye-sauye suka shafi zubi da tsarin waƙoƙin kansu.